Baba na shan maganin kitsen jini, amma bawul ɗin zuciyarsa sai ƙara tsukewa yake yi

Wata baiwar Allah ta aiko mana da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 69, yana da hawan jini da ciwon sukari. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce likita ya saurari ƙirjinsa ya ce ya ji wani sauti, ya tura mu hoton zuciya. Aka ce bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar da jini ke fita daga zuciya ya fara tsukewa, aka rubuta 3.2 a takarda. Tun lokacin yake shan atorvastatin miligiram 20 kullum da dare. Watan jiya muka sake hoton, lambar ta koma 3.6. Baba ya ce asarar kuɗi kawai muke yi, zai daina sha. Yayana ya ce a ninka masa ƙwayar, wani maƙwabci kuma ya kawo haɗin tafarnuwa da zuma wai yana wanke jijiya. Ga azumi na tafe. Na rasa yadda zan yi."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi.

Bari mu fara ba Baba gaskiyarsa. Ƙwayar nan ba ta hana bawul ɗinsa tsukewa ba, kuma ko an ninka ta sau huɗu ba za ta hana ba. Inda aka samu rashin fahimta shi ne da ya ɗauka don bawul ɗin aka rubuta masa ita. Aikinta daban ne, kuma dattijo mai shekarunsa, ga sukari ga hawan jini, yana cikin waɗanda suka fi kowa bukatarta. Saboda haka kada ya daina, kada kuma a ninka masa a gida.

Bawul ɗin da ake magana a kai ƙofa ce mai siraran marafai uku, tana bakin jijiyar da ake kira awota. Duk bugawar zuciya sai marafan su buɗe jini ya fita, su rufe don kada ya koma, kusan sau dubu ɗari a kwana ɗaya. Ƙofa mai lafiya faɗin buɗewarta ya kai murabba'in santimita 3 zuwa 4. Idan marafan suka yi kauri suka sandare, sai hanyar ta ragu, jinin kuma dole ya wuce. Kin san yadda ruwan tiyo ke yi idan aka danne bakinsa da babban yatsa, ruwan bai ƙaru ba amma gudunsa ya ƙaru. To wannan gudun ne na'urar eko, wato ta hoton zuciyar nan, take aunawa, kuma shi ne lambar da kika gani: mita 3.2 a cikin daƙiƙa ɗaya, yanzu 3.6. A zuciya mai lafiya gudun bai kai mita 2 ba. Ƙasa da 3 ana cewa tsukewar kaɗan ce, daga 3 zuwa 3.9 matsakaiciya, daga 4 zuwa sama kuwa ta yi tsanani. Akwai wasu lambobi biyu a takardar da ya kamata ki nema. Ɗaya bambancin matsin jini ne tsakanin gaban ƙofar da bayanta, idan ya kai 40 an shiga mataki mai tsanani. Ɗayar kuma faɗin ƙofar, idan ya sauko zuwa murabba'in santimita 1 ko ƙasa da haka, shi ma hakan ne.

Ke nan Baba yana mataki na tsakiya. A wannan mataki gudun yakan ƙaru da kamar 0.3 a shekara idan aka haɗa marasa lafiya da yawa aka raba. Nasa ya ƙaru da 0.4 a shekara ɗaya da rabi, wato yana tafiya yadda aka saba gani, ba wani abu ne ya lalace ba kwatsam. Sai dai mutane sun bambanta, wani ya daɗe a wuri ɗaya, wani ya yi sauri, musamman mai shan taba ko mai ciwon ƙoda. Awon ma yana da nasa saɓani. Idan mai ɗaukar hoton bai daidaita kan na'urar da hanyar jinin ba, lambar takan fito ƙasa da gaskiyarta, idan kuma mutum yana da zazzaɓi ko ƙarancin jini ranar, takan fito sama. Shi ya sa ya fi kyau a riƙa komawa wuri ɗaya, a kuma tafi da tsohuwar takarda a hannu.

Tunanin da yayanki ya yi, likitocin zuciya ma sun daɗe suna yin sa, kuma suna da dalili. Da aka duba bawul ɗin da aka cire wa mutane a tiyata, an ga kitse da kumburi a cikin marafan, irin wanda ake gani a jijiyar da ta toshe. Masu yawan kolestarol, wato kitsen jini, kuma sun fi samun ciwon. Sai aka ce to idan aka sauke kitsen jini, ai bawul ɗin zai huta. Aka gwada yadda ya kamata, wato a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar da ba komai a ciki, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. A Sikotilan an yi binciken SALTIRE da mutum 155, aka ba rabinsu atorvastatin miligiram 80, ninki huɗu na abin da Baba ke sha. Sakamakon ya fito a 2005: kolestarol ya sauka ƙwarai, bawul ɗin kuwa ya ci gaba da tsukewa daidai da na waɗanda ba su sha ba. A 2008 aka fitar da mafi girma, SEAS, wanda ya haɗa mutum 1,873 a ƙasashen Turai bakwai, aka haɗa musu simvastatin miligiram 40 da ezetimibe miligiram 10, aka bi su fiye da shekara huɗu. Mugun kolestarol ya ragu da fiye da rabi, amma yawan waɗanda aka canza wa bawul bai ragu ba. A 2010 kuma binciken ASTRONOMER na Kanada ya gwada rosuvastatin miligiram 40 a kan mutum 269, amsar dai ita ce.

Dalilin yana cikin yadda ciwon ke tafiya. Da farko kitse ne ke shiga ta inda fatar marafan ta ƙuje saboda shekaru da matsin jini, ya tayar da kumburi. Amma idan abin ya yi nisa, ƙwayoyin halittar da ke cikin marafan sukan sauya hali su fara aiki irin na masu gina ƙashi, suna tara kalsiyam. Marfin da ya tara kalsiyam yakan sandare, wanda ya sandare yakan fi shan wahala a duk bugawa, wahalar kuma ta jawo ƙarin kalsiyam. A nan ciwon ya riga ya tsaya da ƙafarsa, ba ya jiran kitse. Lokacin da likita zai ji sautin nan a ƙirji, yawanci an wuce gaɓar da rage kolestarol zai yi tasiri. Likitan tiyata da ya taɓa irin wannan bawul zai gaya miki kamar tsakuwa yake a hannu.

Wannan kuma ita ce amsar haɗin da maƙwabcinku ya kawo. Tafarnuwa da zuma ba sa narkar da abin da ya zama kamar ƙashi, zumar kuma za ta tayar wa Baba da sukari. An gwada magungunan ƙarfafa ƙashi a Sikotilan, an gwada bitamin K2 a Denmak, duk ba su rage tafiyar ciwon ba. Har yau babu ƙwaya ko sassaƙe ko jiƙo da aka tabbatar yana tsayar da shi. Inda masu bincike suka fi sa ido yanzu shi ne wani nau'in kitsen jini da ake gada, ana kiransa Lp(a), wanda aka nuna alaƙarsa da wannan ciwo a wani babban bincike na gado a 2013. Magungunan dangin atorvastatin ba sa rage shi, sababbin alluran da ke rage shi kuma ana kan gwada su ne.

To me ƙwayar take yi wa Baba? Tana tsare masa ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya, da waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa. Toshewarsu ce ke kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma a nan amfanin maganin tabbatacce ne, musamman ga mai sukari da ya haura shekara 40. Ko a binciken SEAS ɗin da bai taimaki bawul ba, waɗanda suka sha maganin sun fi samun sauƙin matsalolin jijiyoyin zuciya, kuma an fi samun waɗanda ba su bukaci a yi musu sabuwar hanyar jini ba lokacin tiyata. Ki duba yadda abin yake ga Baba: zuciyarsa tana tura jini ta ƙofar da ta tsuke, namanta yana ƙara kauri saboda aiki, naman da ya yi kauri kuma ya fi bukatar jini. Idan jijiyoyin da ke ciyar da shi suka toshe a wannan hali, wahala biyu ta haɗu. Idan kuma ranar canza bawul ta zo, wanda jijiyoyinsa ke da kyau aikinsa ya fi sauƙi. Wannan bayanin za ki kai wa Baba a natse, don dattijo idan ya gane dalilin abu ya fi riƙe shi.

Ko miligiram 20 ya ishe shi, gwajin jini ne zai nuna, ba hoton zuciya ba. A auna mugun kolestarol, wanda ake rubutawa LDL. Ga irin Baba likitoci sukan so ya sauka ƙasa da 1.8 idan ɗakin gwajin na rubutawa da milimol, ko ƙasa da 70 idan da miligiram yake rubutawa. Ku lura da wannan, don mutane kan rikice idan suka canza ɗakin gwaji. In bai sauka ba likita zai iya kai shi miligiram 40 ko ya ƙara ezetimibe, a sake awo bayan mako 4 zuwa 12.

Atorvastatin ana iya shan ta kowane lokaci, muddin lokaci ɗaya ne kullum. Idan wata rana ba a samu ba aka ba ku simvastatin a kemis, kada ku karɓa sai likita ya sani. Ita da dare ake sha, kuma idan mutum yana shan amlodipine na hawan jini bai kamata ta wuce miligiram 20 ba, don amlodipine na sa ta taru a jini. Haka clarithromycin da erythromycin da ake bayarwa don tari ko gyambon ciki, da itraconazole da ketoconazole na sha, da wasu magungunan ƙanjamau, duk suna ɗaga yawan waɗannan ƙwayoyi a jiki har su taɓa tsoka. Duk wanda zai rubuta wa Baba sabon magani a nuna masa dukkan abin da yake sha. Ɗan ciwon jiki ba dalilin dainawa ba ne, a gaya wa likita ya rage ko ya canza. Amma idan cinyoyi da kafaɗu suka yi ciwo sosai, jiki ya mutu, fitsari ya yi duhu kamar shayi ba madara, a tsayar da maganin a tafi asibiti ranar, a auna tsoka da ƙoda. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Maganin kan ɗan ɗaga sukari a wasu mutane, amma amfaninsa ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da ya fi bukatar idonki. Wannan ciwo yakan yi shekaru shiru, kuma ranar da ya fara magana lissafi ya canza. Alamunsa uku ne: haki idan an yi tafiya ko an hau tudu, nauyi ko matsewa a ƙirji lokacin motsi, da jiri ko suma. Tun 1968 likitoci biyu a Amurka, Ross da Braunwald, suka nuna cewa idan alamun suka bayyana ba a canza bawul ba, abin da ya rage ga yawancin mutane 'yan shekaru ne, kamar biyu ga wanda zuciyarsa ta fara gazawa. Matsalar dattawanmu ita ce ba sa faɗa. Idan kika tambayi Baba ko yana haki zai ce lafiya lau, alhali ya rage tafiya ne don kada hakin ya zo. Saboda haka ki duba aikinsa, kada ki tsaya ga amsarsa. Masallacin da yake zuwa a ƙafa bara, har yanzu yana zuwa, ko ya koma salla a ƙofar gida? Yana tsayawa a hanya kamar zai gaisa da mutane alhali numfashi yake mayarwa? Idan ya ɗago daga sujada yana dafa bango? Ya ƙara matashin kai da dare, ko yana farkawa ya zauna yana neman iska? Takalminsa ya fara matse shi da yamma? Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma wurin likitan zuciya cikin makon. Suma kuwa, ko ciwon ƙirjin da bai lafa ba bayan an huta, na gaggawa ne a take.

Idan babu alama, mai matsakaiciyar tsukewa ana sake masa eko duk shekara ɗaya zuwa biyu. Tunda Baba ya kusa 4, shekara ɗaya ta fi dacewa, in ya haura kuma duk wata 6 zuwa 12. Ki tambayi ƙarfin tura jinin zuciyar, wanda ake rubutawa EF. Idan tsukewar ta yi tsanani kuma wannan ya faɗi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, ana shawarar aiki ko da mutum bai ji komai ba. Akwai kuma tarko a nan: zuciyar da ta gaji ba ta iya tura jini da ƙarfi, sai lambar gudu ta sauka. Idan wata rana kuka ga 3.6 ta koma 3.1 kada ku ɗauka sauƙi ne ya samu sai likita ya duba sauran lambobin.

Hawan jininsa dole a ci gaba da kula da shi, don shi ma ƙarin kaya ne a kan zuciyar, sai dai a hankali ake saukar da shi. Ƙofar da ta tsuke ba ta barin jini ya ƙaru nan take idan jijiyoyi suka saki, shi ya sa duk abin da ke kayar da matsin jini farat ɗaya zai iya sumar da mutum. Kada a yarda a fasa masa nifedipine a ƙarƙashin harshe a kemis don an ga awo ya hau. Kuma, tare da girmamawa, maganin ƙarfin maza na bature da na gargajiya da ake sayarwa a kwalba, wanda sau da yawa akwai sildenafil a ɓoye cikinsa, haɗari ne gare shi. Wannan magana yayanki ne ya dace ya kai masa. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon gwiwa suna tara gishiri da ruwa a jiki suna kuma wahalar da ƙoda, paracetamol ya fi masa. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa a miya, a rage man shanu da kitsen nama da soye-soye. Tafiya a ƙafa yadda jikinsa ya ɗauka tana da kyau, ɗaga buhu ko tura mota ne bai kamata ba. Haƙoransa ma a kula da su, asuwaki da buroshi kullum, ruɓaɓɓen haƙori a kai shi wurin likita, don ƙwayoyin cuta daga baki sukan bi jini su zauna a kan bawul mai rauni. Zazzaɓin da ya wuce mako yana dawowa, an sha maganin maleriya bai tafi ba, a gaya wa likita cewa yana da ciwon bawul, a ɗebi jini don gwajin ƙwayoyin cuta kafin a fara ba shi maganin kashe su.

Game da azumi, masu matsakaiciyar tsukewa da ba su da alama da yawa suna yi lafiya, amma hukuncin na likitan da ya san shi ne, kuma a je tun da saura mako shida ko fiye. Atorvastatin ba ta da matsala, ya sha bayan isha'i. Abin dubawa shi ne maganin sa fitsari idan yana sha, don ƙishirwa da zafin rana suna rage ruwan jiki, zuciya mai kaurin nama kuma ba ta jure rashin cika. Sai maganin sukari, musamman glibenclamide da insulin, waɗanda kan kayar da sukari da rana idan ba a gyara awonsu ba. Ya sha ruwa sosai tsakanin buɗe-baki da sahur, ya guji rana, a tarawi ya zauna idan tsayuwa ta yi tsawo. In jiri ko ciwon ƙirji ya zo, ya karya, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Maganin bawul ɗin kansa guda ɗaya ne, canza shi idan lokaci ya yi. Ana yi ta buɗe ƙirji, a sa na ƙarfe ko na nama. Na ƙarfe yana daɗewa amma sai an sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rai tare da gwajin jini a kai a kai, shi ya sa ga wanda ya haura 65 an fi zaɓar na nama, wanda yakan kai shekara 10 zuwa 15 ko fiye. Na naman ana yin sa daga saniya ko alade, kuna da damar tambaya tun da wuri a sa na saniya. Akwai kuma hanyar zura sabon bawul ta jijiyar cinya ba tare da buɗe ƙirji ba, wadda Alain Cribier ya fara yi a birnin Rouen na Faransa a 2002, sai dai tana da tsada kuma wuraren yin ta kaɗan ne. Shawararmu ita ce ku zauna ku 'ya'yansa tun yanzu, Baba na da ƙarfinsa, ku tambayi likitan zuciya a asibitin koyarwa mafi kusa da ku ina ake yin aikin, nawa ne, kuma me inshorar lafiya za ta ɗauka idan yana da ita. Aikin da aka shirya masa ya fi wanda aka yi bayan huhu ya cika da ruwa sauƙi da aminci.

Ga masu karatu da ciwon bawul ya kama ɗansu ko matashiyar matarsu, ku sani wannan bayani ba naku ba ne kai tsaye. A ƙasar Hausa ciwon bawul na matasa yawanci daga ciwon maƙogwaro ne da ba a yi magani ba tun yarinta, ya fi kama wani bawul ɗin daban, kuma kitse ba shi da hannu a ciki. Abin da ke kare su allurar benzathine penicillin ce duk mako uku ko huɗu, tsawon shekaru.

Ke kuma, 'yar'uwa, idan za ku koma asibiti ki tafi da takardun eko biyun, da kwalayen duk magungunan da yake sha har da na gargajiya, da awon hawan jini na safe da yamma na mako guda. Ki kuma tambayi likita ko marafan bawul ɗin Baba uku ne ko biyu. Mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ana haifarsu da biyu, yana bin jini, kuma idan haka ne nasa, ke da 'yan'uwanki ya kamata kowa ya yi eko sau ɗaya.